Likita ya tura ni wurin masanin halayyar ɗan Adam saboda ciwon baya, ina neman shawara

Mai tambaya, ɗan kasuwar hatsi a Katsina:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Fiye da shekara biyu ke nan, ina taya yarana sauke buhun gero daga mota, sai ƙuguna ya riƙe, har sai da aka kama ni aka zaunar. Tun daga ranar ciwon bai rabu da ni ba, wani lokaci ya lafa, wani lokaci ya taso.

An yi mini hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'ura take ɗauka, aka ce ɗaya daga cikin faya-fayan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ya ɗan turo, kuma tun da na ji haka nake kaffa-kaffa da jikina. Ba na sunkuyawa, ko tiya ce ta faɗi sai na kira yaro ya ɗauko mini. Na daina hawa babur, ina ɗaure da bel daga safe har dare, a kan kujera nake salla, kuma idan ƙaramar 'yata ta miƙo hannu in ɗauke ta, sai in kau da kai, don tsoron kada wani abu ya ɓalle a bayana in shanye.

A makon jiya likita ya sake duba ni, ya gwada ƙarfin ƙafafuna, ya ce babu abin da ke buƙatar tiyata. Ya rubuta mini takarda zuwa sashen gashi, inda ake gasa gaɓoɓi da koyar da motsa jiki, ya kuma ce in ga masanin halayyar ɗan Adam, wai tsoron motsi ya zama wani ɓangare na ciwon. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Shekaruna 41, ba taɓin hankali gare ni ba, kuma ba raki nake yi ba. Shin zance da baki zai iya warkar da baya? In je, ko in nemi wani likitan?

Wani dattijo daga Daura:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. A nawa ganin, jikin da ya ce yana ciwo hutu yake nema. Ka bar kasuwa na ɗan lokaci ka kwanta a kan tabarma, a kira wanzami ya yi maka ƙaho, sannan ka nemi maganin basir, domin shi ne yake riƙe ƙugun mafi yawan magidanta.

Wata ma'aikaciyar sashen gashi:

Baba, Allah ya ƙara girma, da izininka zan ɗan saɓa maka a kan batun kwanciya. Rage aiki na kwana ɗaya ko biyu yana da amfani a farkon ciwo, amma doguwar kwanciya tana raunana tsokar baya, gaɓoɓi su sage, shi ya sa aka daɗe da daina ba masu ciwon baya wannan shawara. Basir kuma ciwo ne na dubura, ba shi ne yake riƙe ƙugu shekara biyu ba.

Malam, likitanka bai ce ƙarya kake yi ba, kuma ciwon da kake ji na gaske ne. Jijiyoyi suna kai saƙo ta cikin laka zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta auna girman haɗarin, sannan mutum ya ji zafi gwargwadon abin da ta hango. Yawancin raunin tsoka yakan warke cikin makonni zuwa wata uku, amma idan ciwo ya zarce haka, sau da yawa jijiyoyin ne suka zama masu saurin kai ƙara, har motsin da ba ya cutarwa ya riƙa jawo raɗaɗi. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, to haka jikinka yake yi da sunkuyawa tun ranar da buhun nan ya kayar da kai.

A shekarar 2000 wasu masana biyu, Johan Vlaeyen da Steven Linton, suka yi bayanin yadda abin yake zagayawa. Mutum ya ji ciwo, ya ɗauka wani abu ne yake lalacewa a jikinsa, sai ya fara gudun motsi. Gudun motsin yana ba shi sauƙi a ranar, amma yana hana shi gane cewa motsin ba ya da haɗari, kuma a hankali ƙarfi ya ragu, barci ya lalace, rai ya ƙuntata, ciwon kuma ya ƙaru. Aikin masanin da aka tura ka wurinsa shi ne taimaka maka ka yanke wannan zagaye, ta hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da ma'aikatan lafiya ke kira CBT.

Batun hoton kuwa, shi ne nake so ka fi natsuwa a kansa. A shekarar 2015 an tattara sakamakon hotunan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka tarar kusan rabin 'yan shekara 40 suna da faifan da ya turo irin naka, a cikin 'yan shekara 20 ma akwai kashi 30 cikin 100. Suna noma, suna dako, ba su san da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta masu ciwon ƙugu da miliyan 619 a shekarar 2020, ta fitar da jagora a watan Disamba na 2023, inda ta sanya motsa jiki, da wayar da kan majiyyaci, da CBT a cikin abin da ya kamata a yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya. A cikin abin da ta ce kada a dogara da shi akwai bel ɗin da kake ɗaurawa.

Sai dai akwai alamomin da ba a jira da su. Idan fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba da saninka ba, ko bayan gida ya kuɓuce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta fara ja, a tafi asibiti a ranar. Haka nan zazzaɓi da gumin dare da rama ba dalili, domin a ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya. Idan ba ka da ko ɗaya, kuma likita ya gwada ka ya tabbatar, shawarata ka je.

Wata malamar makaranta daga Ƙofar Ƙaura:

Yaya, ni na bi ta wannan hanya bayan haihuwata ta ƙarshe, kuma ina ganin idan ka san abin da ake yi a ɗakin masanin, hankalinka zai kwanta. Ba a tambaye ni ko ina jin muryoyi ba, ba a kuma ba ni ƙwaya ba. An ba ni takarda aka ce in rubuta duk abin da na daina yi saboda tsoro, in ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Shara da gajeriyar tsintsiya ta sami maki mai yawa, ɗaukar bokitin ruwa ya fi ta, goyo kuwa shi ne a can sama.

Da mafi sauƙi muka fara. An ajiye biro a kan kujera, aka ce kafin in ɗauka in faɗi abin da nake zaton zai faru, na ce bayana zai riƙe in kasa miƙewa. Na sunkuya ina riƙe da numfashi, kafaɗuna a ɗage, hannu ɗaya a dafe da gwiwa, sai mai koya mini ta ce in saki numfashin, in bar bayan ya lanƙwasa yadda Allah ya halicce shi. Na ji zafi, amma na miƙe, kuma bai kai rabin abin da na zata ba. Daga kujera biron ya koma kan kujerar tsugunno, daga nan ya koma ƙasa, sannan aka kawo bokiti da ruwa kaɗan a ciki. Watanni aka ɗauka. Ba zan ce maka ciwon ya tafi gaba ɗaya ba, domin har yanzu yakan taso idan na daɗe a zaune ina makin jarrabawa, amma ina goya ɗana, ina aikin gidana, kuma ba na kwana ina tunanin keken guragu.

Wani malamin islamiyya:

Ɗan'uwa, game da salla, kada ka sa wa ranka damuwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini ya tabbatar da cewa mara lafiya ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, saboda haka sallolinka na baya suna nan in sha Allahu. Amma tun da masana sun ce motsi yana cikin maganinka, ka sanya ruku'u da sujada a cikin abin da za a koya maka komawa gare su mataki-mataki. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba, kuma zuwa wurin wanda ya san yadda tsoro yake aiki a jiki ba abin kunya ba ne.

Wani mai harhaɗa magunguna:

Alhaji, ba ka ambaci abin da kake sha ba. Idan kana shan diclofenac ko ibuprofen kullum, ka sanar da likita, domin daɗewa a kansu yana jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Tramadol kuwa kada ka karɓa daga hannun kowa a kasuwa, yana kama mutum, kuma jagoran Hukumar Lafiya da aka ambata a sama bai amince da irinsa ba a wannan ciwo.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ba ni da ko ɗaya daga cikin alamomin da Hajiya ta lissafa, kuma zan je. Tambayata ɗaya ce: idan na fara motsin sai ciwon ya taso da ƙarfi, yaya zan gane ba wani abu na ɓata ba?

Ma'aikaciyar sashen gashi:

Malam, ka sa a ranka tun yanzu cewa zai taso, musamman a makonnin farko, domin tsokar da ta daɗe ba ta aiki dole ta yi tsami. Idan zafin na iya jurewa ne, kuma ya koma yadda yake cikin kwana ɗaya ko biyu, ka ci gaba. Idan ya fi haka, ka koma matakin da ke ƙasa da wanda kake kai, ka rage yawan aikin, amma kada ka koma kwanciya. Abin da yake kayar da mutane da yawa shi ne ranar da suka tashi da sauƙi sai su yi aikin mako guda a yini ɗaya, gobe su kasa tashi, su ce hanyar ba ta yi ba. Ka tsayar da gwargwado ɗaya, misali tafiyar minti goma bayan la'asar, ka yi ta a ranar sauƙi da ranar ciwo, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Bel ɗin ma a hankali za ka rabu da shi, ka fara da cire shi a gida. Idan ƙafa ta fara rauni, ko ɗaya daga cikin alamomin can ya bayyana, wannan ba na jira ba ne. Ranar da za ka je, ka tafi da sakamakon hoton da kwalayen duk magungunan da kake sha, ka kuma roƙi mai yi maka gashi da masanin su riƙa sanin abin da kowannensu yake koya maka, don kada ɗaya ya ce ka sunkuya ɗaya kuma ya hana ka.