Wai ta yaya ake gane gizo-gizo sabon nau'i ne?

Ɗan Aji Uku:
Salam 'yan uwa, don Allah ina karatu kan dangin Ctenidae ne, gizo-gizon nan da basa saƙa, sai dai suyi ta yawo da dare suna farauta. Ni dai duk kamarsu ɗaya a idona, to ya masana ke cewa wannan sabo ne?

Malamin Bayoloji:
Wa alaikassalam ɗalibi. Fara da ido, guda 8 ne a jere uku, 2 sai 4 sai 2. Amma nau'i kam kala bata isa ba, sai an sa shi a madubin ƙara girma an duba al'aurar macen da 'yan hannayen namijin dake gefen baki, a zana, a gwada da waɗanda aka adana cikin sinadari a gidajen tarihi, sannan a ajiye guda ɗaya ya zama shaidar sunan.

Maman Biyu:
Malam ba cikinsu ne akwai Phoneutria na Brazil mai mugun dafi ba? wanda ke ɗaga ƙafafun gaba in an taɓa shi

Malamin Bayoloji:
Shi ne Hajiya. Kuma har yanzu ana samun sababbi fa, a 2017 aka bayyana Califorctenus cacachilensis daga Meziko.

Ɗan Aji Uku:
Nagode Malam, gobe zan roƙi madubin lab ɗinmu.