Gajerun labarai 11 a hannuna: in haɗa su littafi ɗaya ko in riƙa sakinsu ɗai-ɗai?

Mai Aikin Dare ta rubuta:

Assalamu alaikum, jama'a. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ba tare da na ce uffan ba, yau dai na ce bari in fito da abin da ke cina.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma galibi aikin dare nake yi. Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu, idan Allah ya sa marasa lafiya sun samu barci, sai in zaro waya in ɗan taɓa rubutu. A haka, cikin shekara 3, na tara gajerun labarai 11. Ƙaramin cikinsu kalmomi 1,800 ne, babban ya haura 9,000.

Karatu ne ya jawo mini wannan. Ina 'yar shekara 12 na tsinci wani littafin labari a ƙasan akwatin gwaggona, ba bango, takardun sun yi ja, ƙarshensa kuma ya yage. Labarin ya tsaya ne daidai inda matar ta ɗora hannu a kan ƙofa za ta buɗe. Har gobe ban san sunan littafin ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Kwana uku abin yana damuna, a na huɗu na yago takarda daga tsakiyar littafin lissafina na rubuta masa ƙarshe. Bai yi mini ba, na sake wani. Tun daga nan na zama mayyar dogon labari. Littafin da bai kai shafi 400 ba gani nake an rage mini mudu. Na sha gama littafi da asuba ina jin haushin marubucin don ya kashe wanda nake so, in kuma wayi gari ina neman wani littafinsa.

Abin da ya tayar da maganar: watannin baya na mayar da labari ɗaya PDF na tura wa wata ƙawata ta duba mini. Bayan mako uku sai ga 'yar ƙanwar mahaifiyata ta turo mini shi, wai "Anti, karanta wannan, irin wanda kike so ne." Babu sunana ko'ina a jiki, domin ni ban sa ba. Ƙari a kan haka, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ɗan akwati, wani mai taimako kuma ya sake buga shafin farko da haruffa marasa ƙugiya. Inda na rubuta "baƙi sun cika ɗakin" ya koma "baki sun cika dakin". Na yi dariya, daga baya na zauna na yi shiru.

To, ina so in wallafa da kaina, da sunana. Ban san ko in haɗa su duka su zama littafi ɗaya ba, ko in riƙa fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Ban san ina zan kai su ba. Kuma ina tsoron a sake yi mini abin da aka yi. Waɗanda suka riga ni a harkar, a taimaka.

Tsohon Edita ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, 'yata. Sannu da ƙoƙari, aikin dare da rubutu ba ƙaramin abu ba ne.

Haɗa su. Lissafi ma kaɗai ya isa ya raba gardamar. A tsarin Amazon na masu wallafa da kansu, wato KDP, kason marubuci iri biyu ne: kashi 35 cikin ɗari ko kashi 70. Ba ki samun na 70 sai kuɗin littafin ya kai dala 2.99. Gajeren labari guda ɗaya da wuya a saye shi fiye da senti 99, abin da zai shigo hannunki kuwa wajen senti 35 ne. Tarin labarai a kan dala 2.99 zai ba ki kusan dala 2 bayan sun cire ɗan kuɗin isar da fayil. Kenan sai kin sayar da shida na farkon kafin ki kamo ɗaya na biyun, ga shi kowane labari sai kin yi masa bango nasa. In kuma na takarda kike so, ba sa buga abin da bai kai shafi 24 ba, ƙaramin labarinki ba zai kai ba.

Lambar ISBN kada ta tsorata ki. Lambobi 13 ne da ke bambanta littafi da sauran littattafai, kuma kowane nau'i da tasa: ta bugun takarda daban, ta na waya daban. KDP na bayar da ita kyauta ga bugun takarda, sai dai a wajensu kaɗai take aiki. Na Kindle, wato na waya da Amazon ke sayarwa, ba ya buƙatarta.

Akwatunan da kika gani laifin samfurin haruffan ne, bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, wayar da aka buɗe fayil ɗin a kai ta rasa abin da za ta nuna. Ki koma Charis SIL ko Gentium ko Noto, duk kyauta ne kuma suna da masu ƙugiya. In za ki fitar da PDF, ki zaɓi inda ake cusa haruffan cikin fayil ɗin. Ga mai karatu a waya kuwa nau'in fayil ɗin da ake kira EPUB ya fi PDF, domin rubutun yana bin faɗin fuskar wayar, ba sai mutum ya yi ta ja da yatsa hagu da dama ba.

Haƙƙin mallaka kina da shi tun ranar da kika rubuta. Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda yawancin ƙasashen duniya suka shiga, ba ta sharɗanta rajista ba, kariyar kuma tana kaiwa aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci. Amma doka ba ta hana yatsa danna "tura". Ki sa sunanki a saman kowane shafi, shi ke nan abin da ke hannunki.

Duk wannan aikin mako guda ne. Abin da ya fi tsaya mini a rai labarin nan mai kalmomi 9,000. Ƙungiyar marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ta Amurka, mai bayar da kyautar Nebula, tana yanke gajeren labari a ƙasa da kalmomi 7,500, abin da ya kai 40,000 kuma shi take kira cikakken littafi. Ba wahayi ba ne, amma ma'auni ne mai amfani. Ban karanta naki ba, sai dai na gyara rubutun masu son dogon labari da yawa, kuma ciwonsu ɗaya ne: sai sun gaya mana inda aka haifi tauraruwa, da sunan kakarta, da yadda aka yi auren iyayenta, kafin wani abu ya faru. Dogon labari yana da filin wannan. Gajere ba shi da shi. Ke da kika fara rubutu daga inda mace ta ɗora hannu a ƙofa, ai kin san wurin farawa tun kina shekara 12. Je ki duba a shafi na nawa hannun ya taɓa ƙofa a wannan labarin.

Alƙalamin Gwaggo ta rubuta:

Malam, Allah ya ƙara girma, lissafinka daidai ne, amma kashi 70 na sifili ai sifili ne. Ni na bi wannan hanyar. Na haɗa labarai 8, na biya aka yi mini bango mai kyau, na ɗora, na zauna ina duba shafin ciniki safe da yamma kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Wata biyu, kwafi 5. Uku daga ciki na san waɗanda suka saya, ɗaya ma ni na tura masa kuɗin.

'Yar'uwa, littafi ba ya kiran mutane da kansa. Kafin ki sayar, ki samu waɗanda za su ji sunanki su ce "a'a, ita ce?" Ni sai da na koma Wattpad, dandalin da marubuta ke ɗora labarai a intanet, na fara daga tushe. Tun 2006 aka kafa shi a Toronto ta Kanada, kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya saye shi a 2021, kuma kyauta ake ɗorawa, kyauta ake karanta mafi yawan abin da ke ciki. Abin da ya fi mini amfani shi ne mai karatu yana iya yin sharhi a kan sakin layi guda, ba sai ƙarshen babi ba. Nan na gane inda ake dariya, da inda ake ajiye ni a tafi. Wani sakin layi da na kwana biyu ina gogewa ba wanda ya tanka masa, wata 'yar magana da na jefa a bakin kishiya kuwa ta tara sharhi fiye da labarin gaba ɗaya.

Don haka ni shawarata ki saki uku kyauta, ki riƙe takwas. Amma ki zaɓi ukun da idonki a buɗe, saboda abu biyu da ba wanda ya gaya mini sai da na ƙone. Yawancin gasanni da mujallu labarin da bai taɓa fita ba suke karɓa, kuma ɗorawa a intanet a wajensu fita ce, ko da a shafinki na Facebook ne. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth, misali, kyauta ake shiga, tana karɓar kalmomi 2,000 zuwa 5,000, har da wanda aka fassara zuwa Turanci, amma sai wanda ba a wallafa ba. In kina da wanda kike ji da shi, ki ɓoye shi tukuna. Na biyu, in kika shiga tsarin KDP Select, inda ake biya gwargwadon shafukan da aka karanta, kin ɗaure kanki kwana 90: littafin na waya ba zai kasance a wani wuri ba, kyauta ko na kuɗi. Mai labarai a Wattpad sai ta yi hattara da wannan. In ba ki son ɗaurin, Draft2Digital na raba littafi zuwa shaguna da yawa kamar Apple Books da Kobo, su ɗauki wajen kashi 10 na kuɗin littafin.

Batun sata kuwa, ni na daina zubar da hawaye a kai. An sha kwashe nawa. Yanzu a tsakiyar labarin ma nake saka sunana, tsakanin fitowa da fitowa, inda mai kwafa ba ya lura ya goge.

Makaranci Kawai ya rubuta:

Ni ba marubuci ba ne, Anti, mai saye ne, bari in faɗi nawa a taƙaice. Tarin gajerun labarai labarin farko nake karantawa a samfurin da ake bayarwa kyauta. In ya kama ni na saya, in bai kama ni ba na wuce, ko da na bakwai zinare ne. Kada ki jera su bisa shekarar da kika rubuta su. Kuma don Allah a bar doguwar godiya a gaba. Na sha buɗe samfuri in tarar rabinsa sadaukarwa ce ga dangi.

Littafin gwaggonki ya tsaya mini a rai. Ni ma ina da irinsa, sai dai nawa farkon ne ya ɓace, na fara daga shafi na 31. Shekaru bayan nan na samu cikakkensa, na karanta shafuka 30 ɗin nan, wallahi ban ga abin da na rasa ba.

Mai Aikin Dare ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Edita, na je na duba. Shafi na 6. Shafuka biyar cur ina ba da tarihin gidan su yarinyar, har da yadda kakanta ya samu gonarsa, kafin mijin ya shigo da takardar a hannu. Daren jiya na yanke su. Hannuna har rawa yake yi, na adana su a wani fayil daban don kada zuciyata ta tsaya. Labarin ya dawo kalmomi 6,700, kuma abu ɗaya kawai na mayar daga cikin abin da na cire: tabon ƙuna a hannun uwar, domin ƙarshen yana buƙatarsa.

Yaya Alƙalami, zan bi taki a kan ukun. Wanda ya riga ya yawata ba suna shi zan fara ɗorawa, tunda ya riga ya fita, aƙalla a san mai shi. Biyu na ɓoye saboda gasa. Sauran zan haɗa, amma ba wannan watan ba, domin yanzu ina zargin duk goman suna da nasu shafuka biyar ɗin.

Baba, in ba zan takura maka ba, zan iya turo maka wanda na yanke ka duba ko na yi ɓarna?

Tsohon Edita ya rubuta:

Turo. Amma ba PDF ba, turo wanda zan iya sa wa jan biro. Ki haɗo da shafuka biyar ɗin, ina so in ga gonar kakan nan.