Waɗanda suka taɓa shiga tsohon jirgin ruwa, me kuka gani da idonku?

Baban Sadiƙ, Belfast
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar na kai yara wurin da kamfanin Harland and Wolff ya ƙera Titanic, kuma har yau abin bai bar raina ba. Gidan tarihin da aka buɗe a 2012 ya tsaru, amma inda na fi daɗewa shi ne cikin Nomadic, ƙaramin jirgin da aka ƙera a 1911 don jigilar fasinjoji daga tashar Cherbourg ta Faransa zuwa manyan jiragen. Na sa tafin hannu a jikin ƙarfen, sai na ji kawunan ƙusoshi a jere reras, layi bisa layi. Shi Titanic, mai tsawon mita 269, ƙusa wajen miliyan 3 ce ta riƙe shi. Daga nan muka gangara ramin Thompson, wato ƙaton ramin da ake shigar da jirgi a kwashe ruwan don a yi masa aiki, inda aka ɗora wa Titanic farfela. Ƙaramin ɗana ya ɗaga kai yana neman bakin ramin, ya matse mini yatsa bai ce uffan ba. Duk wanda ya taɓa shiga irin waɗannan jirage, don Allah ya ba mu labari.

Mai Walda, Kurna
Wa alaikumus salam Baban Sadiƙ. Ban taɓa ganin teku ba, amma aikin nan na san shi, domin mahaifina maƙeri ne, a gaban zugazugi na tashi. Ribit muke ce wa ƙusar. Ana gasa ta har ta yi jawur, yaro ya ɗauko da awartaki ya jefa wa wani, a zura ta a hudar da ta ratsa faranti biyu. Mutum ɗaya ya tokare ta daga ciki, biyu suna dukan ta daga waje, guduma na bin guduma, har ɗaya bakin ya baje ya zama kai. Sirrin yana wajen hucewa. Ƙarfe in ya huce tsukewa yake, sai ƙusar ta janyo farantan nan ta matse su gam. Wanda ya bari ta huce kafin a gama duka, ya ɓata aiki, sai an sare ta an sake. A tsakiyar Titanic na'ura mai matsi ce ta buga su, amma a goshi da baya inda jikin ya lanƙwasa na'urar ba ta shiga, da hannu aka yi. Kuma a kan yawan ƙusar da suka buga ake biyan su. Da yawansu sun kurmance kafin tsufa. Ni da nake yini da giranda, na san abin da ƙara take yi wa kunne.

Maman Hanifa, Los Anjalas
Sannunku. Mu Queen Mary muka shiga a Long Beach, inda take ɗaure tun 1967. Ita a Clydebank ta Sikotilan aka ƙera ta, ta fara tafiya a 1936. Sama duk katako ne mai sheƙi da faffaɗan falo, amma maigidana ya dage sai mun sauka ɗakin inji, kuma na gode masa. Matakala bayan matakala, warin mai da tsohon ƙarfe, bututai kamar gindin kuka. Akwai ɗakin da aka gina a gefen jirgin, ka leƙa ƙasa ka ga farfela guda a cikin ruwa, an haska ta da fitila. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Tsohon Injiniya, Kakuri
Hajiya, da kin ga ɗakin nan yana aiki da ba ki iya minti goma ba. Na yi shekaru ina kula da tukunyar tururi a wata masaƙa a nan Kaduna, tamu da baƙin mai take aiki, amma duk da haka riga ba ta bushewa. To Titanic tukunya 29 gare shi, bakin murhu 159, kuma kwal ake zuba musu da shebur, sama da tan 600 a yini. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba su yarda tururi ya tafi a banza ba. Yana fitowa ya tura manyan injina biyu masu fistin, su juya farfelar dama da ta hagu. Ragowar da ƙarfinsa ya ragu sai a kai shi injin tabain ya juya ta tsakiya, sannan a sanyaya shi ya koma ruwa, ya sake komawa tukunya. Bututun hayaƙi huɗu da kuke gani a hoto, uku ne ke haɗe da tukwanen, na huɗun na shan iska ne da hayaƙin kicin. Daren 15 ga Afrilu 1912 da jirgin ya nutse, injiniyoyin suka tsaya a ƙasa suna riƙe da wutar lantarki da famfunan kwashe ruwa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya tsira. Duk lokacin da na tuna, sai na ji kamar abokan aikina ne.

Ɗan Zango, Kumasi
Baba Injiniya, ni na kwana a cikin irinsu yana tafiya. Aiki ya kai ni Kigoma a Tanzaniya, na hau Liemba a tafkin Tanganyika. A Papenburg ta Jamus aka ƙera shi a 1913, aka wargaza shi aka zuba a akwatuna, aka kawo ta teku da jirgin ƙasa, aka sake harhaɗa shi a bakin tafkin. An nutsar da shi lokacin yaƙin duniya na farko, aka tsamo shi, daga baya aka sa masa injin dizal. Na jingina da bango cikin dare, ga buhunan busasshen kifi, ga abarba, kawunan ƙusoshin suna dannar bayana ta cikin fenti mai kauri.

Mai Walda, Kurna
Baban Sadiƙ, ka duba hotunan da ke gidan tarihin, za ka ga wani ƙaton dandamalin ƙarfe da ya lulluɓe Titanic da ɗan uwansa jirgin Olympic lokacin gini. Kamfanin Sir William Arrol na Gilasgo ne ya yi shi, kuma su ne suka gina tsohuwar gadar Makurɗi da aka buɗe a 1932. Na taɓa sauka daga mota na taka ta da ƙafa, ina shafa ribit ɗin ɗaya bayan ɗaya har direba ya gaji da yi mini oda. In ka koma Nomadic, ɗauko mini hoton wurin da faranti biyu suka hau juna, kusa-kusa, ina son in ƙirga layin ƙusa nawa suka sa.