Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi

Telan Fagge: Salamu alaikum. Jiya likita ya auna ni ya ce jinina ya hau. Ya tambayi sana'ata, na ce ɗinki, daga hantsi har magariba ina kan keke. Sai ya yi dariya ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi, in riƙa taka ƙasa kullum. Ni kuwa tun tasowata a kan neman abinci na san ana yin wannan karin magana. Likita ne ya karkatar da ita, ko ni ne ban gane ba?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. In asali za a bi, kai ne da gaskiya. Kifin da ya lafe waje guda shi masunci ke fara kamawa, ko ruwa ya janye da rani ya bar shi a taɓo. Da ita ake zuga saurayi ya tafi ci-rani, ko ɗan kasuwa ya sauya kasuwa in ta ƙi shi. Babu hawan jini a ciki. Da likitanka ya ce motsi ya fi laɓewa, da ban ce komai ba.

Anti Nas: Malam, a gafarce ni, amma kifi tsautsayi kawai ya ce, bai faɗi wane iri ba. Tsokar sharaɓa ita ke matso jini daga ƙafa ya koma zuciya, shi ya sa wanda ya wuni a mota daga Kano zuwa Legas yake sauka da kumburin ƙafa. Tsokar da ke aiki kuma tana zuƙe sukari daga jini, don haka muke ce wa masu ciwon suga su ɗan zaga bayan sun ci tuwo maimakon su kishingiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsin da zai sa numfashi ya ɗan ƙaru, wato rabin awa sau biyar. Yara daga shekara 5 zuwa 17, minti 60 kullum. Da can langa da gaɗa ke biya musu wannan, ba wanda ya ƙirga.

Telan Fagge: Anti, ai ƙafata ba ta hutawa, tela ne fa.

Anti Nas: Keken ƙafa ne ko ka sa masa mota?

Telan Fagge: To. Shekara shida ke nan da sa mota.

Ɗan Maraɗi: Kun kama shi! Amma wannan ciwon 'yan birni ne. Je ka ce wa wanda ya wuni yana huɗa, ko matar da ta yi surfe ta ɗebo ruwa a rijiya, wai su fito atisaye, ka ji amsar da za ka samu. Su hutu suke nema. Mu da ko sayen kati sai mun hau kabu-kabu, mu kifi ke yi wa magana.

Hajiya Babba: Ɗana, har da tsofaffin ƙauyen. Da zarar mutum ya manyanta sai 'ya'ya su ce Baba zauna, Inna kar ki ɗauka, suna ganin gata ne. Haka gwiwa ke sandarewa. Ni sai da na je aikin Hajji na gane kurena: Safa da Marwa sau bakwai wajen kilomita uku ne, ban gama ba sai a keken guragu, ina kallon tsofaffin da suka girme ni suna wuce ni da ƙafa. Tun dawowata nake zaga tsakar gida bayan asuba, ina jan carbi.

Malamin Hausa: Allah ya ƙara lafiya, Hajiya. Ni dai ina nan a kan bakana ta fuskar ma'ana: in ɗalibi ya rubuta min motsa jini a jarrabawa, rabin maki zai samu. A bakin likita kuwa na bar ta, tunda ta sa tela ya zo yana tambaya.

Telan Fagge: Na gode. Akwai masallaci a ƙofar shagona, akwai wani can wajen kasuwa, tafiyar minti goma. Daga gobe can zan riƙa azahar da la'asar. Anti, zuwa da dawowa minti arba'in ke nan, ya shiga lissafi?

Anti Nas: Ya shiga, in ka ɗaga ƙafa. Banda tsayawa gaisuwa a kowace rumfa, kuma maganin da aka rubuta maka kar ka ajiye shi.