Ruwan Jakara da muke ban lambu da shi, don Allah masana ku taimaka min

Ɗan Lambu:
Salamu alaikum jama'a. Babanmu yana da lambu a bakin kogin Jakara a Kano, ƙasa da inda ruwan rafin Getsi yake shigowa, tun ina yaro muke noman rani a wurin, latas, alayyafo, karas da albasa. Ruwan nan wata rana baƙi ƙirin, wata rana kumfa da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in fangali ya bushe sai ka ga wani fari-fari ya kwanta a sama. Amma ganye kore shar, shi ya sa Baba yake cewa ai ruwan da takinsa yake zuwa. Ƙanwata da take jami'a ta ce akwai guba a ciki, ni kuma yarana kullum daga lambun nan suke ci. Gaskiya ne? In an wanke da gishiri ba ya fita?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Baba bai yi ƙarya ba, ruwan kwatar gari yana ɗauke da taki, shi ne koren da kake gani. Matsalar ita ce Getsi ta Bompai, unguwar masana'antu, take biyowa, kamar yadda ruwan Sharada yake gangarawa kogin Challawa, kuma masana'antun jima da sinadarin kiromiyom suke gyara fata, ga dalma daga tsofaffin batura da fenti, ga kadmiyom. Su waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar kashin shanu, duk ban ruwa ɗaya ƙara taruwa suke a ƙasa, saiwa ta ja ta kai cikin ganye. Wanki yana cire ƙurar da ta manne a waje, ku ci gaba da yi, amma wanda ya shiga jikin ganyen ko an tafasa yana nan. Kayan ganye irin alayyafo da latas sun fi kwasa, musamman kadmiyom, shi kuma ƙoda yake ci a hankali tsawon shekaru. Farin nan na saman fangali gishiri ne, shi ma yana kashe ƙasa, ƙarafan kuwa ido ba ya ganinsu sai an yi gwaji.

Maman Biyu:
Innalillahi. Ni dalmar ce ta tsorata ni wallahi, ba mu manta gubar dalma ta 2010 ba a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara kusan 400 suka rasu. Malam ka ce mana wani abu, mu da muke saye a kasuwa fa?

Malamin Gona:
Hajiya na Zamfara dutsen zinare ne ake niƙawa cikin gidaje yara suna shaƙar ƙurar, ya fi wannan tsanani nesa ba kusa ba. Na lambu kaɗan-kaɗan yake shiga, amma a yaro ko kaɗan ɗin yana taɓa ƙwaƙwalwa. Kar ki daina ba su ganye, ki dai tambayi mai kayan daga ina aka ɗebo.

Manomin Kura:
Mu nan ruwan Tiga muke samu Alhamdulillah, amma kar a ga laifin mutanen Jakara, mutum ba shi da wani ruwan kuma iyali na jiran cefane ya za a yi. Ɗan'uwa ka haƙa 'yar rijiyar burtsatse nesa da bakin kogin in da hali, ku daina zuba takin bola don har da batir ake ƙonawa a ciki, ku koma takin dabbobi. Ɓangaren da ya fi shan ruwan ku sa masara ko tumatir, ba sa kwasa kamar ganye.

Ɗan Lambu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Malam ina zan kai ƙasar a duba?

Malamin Gona:
Tsangayar aikin gona ta BUK ko cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru a Zariya. Ka ɗebo daga wurare biyar zuwa goma a lambun, zurfin kamar taƙi guda, ka gauraya a leda mai tsabta, kar ka sa a gwangwani. Ka haɗa da ruwan kogin a gora da ɗaurin alayyafo ɗaya, na rijiyar ma in kun haƙa a gwada shi kafin ku dogara da shi.