Ina Ake Cin Mai Kyau a Samaru?

Baƙon Gusau:

Salamu alaikum yayyena,
Ku da kuka daɗe a Zariya.
Gurbi na samu a Ahmadu Bello,
Na sauka Samaru lafiya.
Taliyar leda da burodi,
Su na ci yau, su na ci jiya.
Ina ake tuƙa tuwo mai kyau,
Da hannun da ya san kaɗa miya?
Aljihun ɗalibi ne da ni,
Ku faɗi abin da zan iya saya.

Yaya 'yar aji huɗu:

Wa alaikas salamu ƙanena,
Sannu da zuwa, ya gajiyar hanya?
Kada allon kanti ya ruɗe ka,
Fenti ba shi ke gyara miya.
Fito ta babbar ƙofa, ƙetara
Titin Sakkwato tun da safiya.
Shiga Kasuwar Samaru ka duba
Inda 'yan acaɓa suka taru gaba ɗaya,
Da masu gadi da leburori,
Su ba sa ba da kuɗinsu kan ƙarya.
Nan za ka ga tanda na hayaƙi,
Waina na fitowa daga suya.
Ka ce wa Inna ta sa maka taushe,
Kabewa da gyaɗa sun nuna a tukunya.
In ka bari hantsi ya dubi ludayi,
Sai ka tarar ana wanke ƙwarya.

Bazazzagi ɗan cikin ganuwa:

Yaya kin yi bayani mai kyau,
Amma kin tsaya a bakin hanya.
Wanda bai sha fate ba a Zazzau,
Kar ya ce mana ya zo Zariya.
Tsakin masara ake wankewa,
A fid da dusa, a tsane a rariya.
Yakuwa ce ke ba shi tsami,
Alayyafo na biye mata a baya.
A daka gyaɗa, a yanka gauta,
Attaruhu daidai yadda za ka iya.
Wasu kan watsa wake ya yi nauyi,
Ya riƙe ciki har wata safiya.
Na sayarwa akwai, ban kushe shi ba,
Amma na gida ya fi, gaskiya.
Ran Juma'a hau mota zuwa Tudun Wada,
Ta Ƙofar Doka za ka biya.
Mu yi salla a masallacin fada, wanda Babban Gwani
Muhammadu Durugu ya fara ginawa, maginin da ya iya.
Daga nan gidanmu, Hajiya na jira,
Baƙo ɗanta ne, kada ka ji kunya.

Bakano mai karatun injiniya:

Malam Bazazzagi na yarda da fate,
Na sha har sai da na suɗe ƙwarya.
Gurasa dai ku bar mana ita,
Ta Jakara ba ta da kishiya.
Ta nan ana ci in kewa ta taso,
Da ƙuli da mai, ta sanyaya zuciya.
Nama kuwa na sara wa garin nan,
Tsire da balangu ba sa wuya.
Kwangila, ko PZ, ko Sabon Gari,
Bayan magariba, ka tsaya.
A gasa a gabanka, a yanka da zafi,
Wanda ya huce, kada ka saya.

'Yar harabar jami'a ta Kongo, mai karatun shari'a:

Mu a Kongo mun samu sauƙi,
Tudun Wada kusa take, ba tafiya.
Ƙanena kar ka tsaya a namu kaɗai,
Garin nan ya tara duk Najeriya.
Sakwara da agushi a Sabon Gari,
Da amala duk kan tebur ɗaya.
Abokiyar ɗakina 'yar Jos ce,
Gwaten acca a gunta na koya.

Ɗalibin aikin gona:

Ku ba ni fili in ƙara kaɗan
Kan abin da ke shiga tukunya.
Tun 1922 ake binciken noma a Samaru,
Jami'a sai 1962 ta zo daga baya.
Irin masara SAMMAZ, irin wake SAMPEA,
Nan ake fitar da su, manoma na saya.
Da rana nemi ɗanwake da mai da yaji,
Ga arha, ga ƙoshi, ga lafiya.
Fura kuwa jira matan Fulani
Da ke shigowa ɗauke da ƙwarya.
Ka ce a dama maka da kindirmo,
Sukari kaɗan, shawarata ke nan, yaya.
In sanyi ya shigo, ga raken Maƙarfi
Da mazarƙwaila jibge a kan hanya.

Baƙon Gusau:

Na gode, Allah ya saka da alheri,
Ya kai ku ƙarshen karatu lafiya.
Yaya Bazazzagi, Juma'a ina tafe,
Zan iya zuwa da abokina guda ɗaya?

Bazazzagi:

Ku zo ku biyu, ku zo ku biyar,
Zan sanar da Hajiya ta ƙara tukunya.
Ta ce in faɗa muku tun yanzu,
Kada ku ci komai a hanya.