Muhawara: Sayen shago a tsakiyar Kano ya zama asara?

Ɗan Tarauni: Salamu alaikum jama'a. Jiya a majalisa na ce duk wanda ya zuba kuɗinsa a shagon tsakiyar gari yanzu binne su ya yi, aka yi mini ca. To ga hujjata. Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 ana ta ɗoki, Shoprite ta tattara komatsanta ta bar shi a Janairun 2024. Ku bi Zoo Road ku ɗaga kai: filaza bayan filaza, saman a garƙame, lambar dillalin da aka liƙa har rana ta cinye ta.

Alhaji na Kwari: Wa alaikumus salam. Yaro, da Shoprite za ka auna Kano? Zo Kantin Kwari ka nemi shagon ƙasa mai kallon layi. Kai, ko tebur ka samo, zo in ba ka tukwici. Baƙinmu na Nijar da Chadi da Kamaru ba ruwansu da wani gini mai sanyi. Mota ta sauke su, ƙafa ta kawo su layinmu.

Dillalin Fage: Ranka ya daɗe, da ka ce "shagon ƙasa" ai ka gama maganar. Ni da la'ada nake cin abinci. Na ƙasa ba ya kwana a hannuna. Na hawa na biyu kuwa sai in yi wata shida ina yawo da mukulli a aljihu, ƙarshe a ba wa wani ya mai da shi sito a rabin kuɗi. Mace da goyo da ledoji ba za ta hau bene don turmi ɗaya ba. Amma masu gini sun ƙi ji, kowa hawa uku yake ɗorawa, yana lissafin haya tun kafin a yi dabe.

Hajiyar Atamfa: Ni dai na mayar da mukullina bara, kuma ban yi nadama ba. Haya, man janareta, kuɗin mai gadi, ga masu karɓar haraji kala-kala. Yanzu ina ɗaki, in ɗora hoto a WhatsApp, ɗan sahu ya kai.

Alhaji na Kwari: Hajiya, kayan da kike ɗorawa daga ina suke fitowa? Ba daga dilolinmu ba?

Hajiyar Atamfa: Daga sitonku na sama, Alhaji. Wanda dillali ya ce ba ya kawo kuɗi.

Malamin Gwale: Duk kun tsaya kan ciniki, kun bar abin da ya fi ba ni tsoro, wato takardar mallakar wuri. A Yunin 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan Filin Idi da gine-ginen da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, alhali a zamanin gwamnatin da ta gabata aka ba da wuraren. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa masu shagunan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Sai kuma masu sayar da magunguna: a Fabrairun 2024 aka rufe musu shaguna a Sabon Gari, aka ce su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro. Wanda ya sayi shago don yana tsakiyar 'yan magani, ya wayi gari layin ba kowa, wa zai kama?

Alhaji na Kwari: Wannan kam ba na musu, Malam. Mu ma mun ga namu. Ambaliyar 2022 da idona na ga ana shanya shadda a kan titi, ruwa ya ɓata ta, saboda an yi gini an toshe hanyar ruwa. Amma da shekara ta zagayo ko sisi mai shagona bai rage mini ba. Da na yi ƙorafi cewa ya yi mutum uku na jira.

Ɗan Tarauni: To ai wannan ba lafiyar kasuwa ba ce, Baba, matsi ne. Kowa ya cunkushe a layi biyar, sauran garin gini ne kawai.

Malamin Gwale: Kuma cunkoson ne ke hana motar kashe gobara shiga. Kasuwar Sabon Gari ta gani a gobarar 2016.

Ɗan Tarauni: Dillali, tsakaninka da Allah, in kuɗinka ne za ka saya?

Dillalin Fage: A ƙasa, a Kwari ko Singa, in takardar ta girmi gwamnati biyu, yau ma zan biya. Kai kuma in na sama kake so, ina da guda huɗu, har fenti zan sa a yi maka.